Yadda Ake Raba Gauraye a Ɗakin Gwajin Kemistiri

Duk shekara idan muka iso wannan darasi da 'yan SS1, nakan shiga ɗakin gwaji da 'yar tasa ɗauke da wani gari mai launin toka. Abu huɗu ne a ciki: yashi, gishirin miya, garin ƙarfe, da wani farin gishiri na ɗakin gwaji da ake kira amoniyam kuloraid. Sai in ajiye a kan tebur in ce, "To, ku ware mini kowanne daban." Ba a taɓa rasa mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, a zuba ruwa." Da na bi tasa, da aiki ya ɓaci tun ba a kunna wuta ba, kuma za mu ga dalili nan gaba kaɗan.

Gauraye zaman haya ne, kowa na nan da halinsa. Gishirin da ya shiga yashi bai daina zama gishiri ba, ƙarfen ma haka. Saboda haka kafin ka taɓa kowane kayan aiki, tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: wane hali wannan yake da shi wanda maƙwabcinsa ba shi da shi? Mai tankaɗe da rariya girman ƙwaya take bi, gari ya wuce tsaki ya tsaya. Mai sheƙar hatsi nauyi take bi, iska ta kwashe ƙaiƙayi. Mai koko takan bar gasara ta kwanta sannan ta tsiyaye ruwan sama. Ɗakin gwaji bai zo da sabuwar dabara ba a nan, ya dai zo da awo da tsabta da bin tsari.

Kayan da za ka tanada

Auna giram 5 na kowane ɗaya daga cikin abubuwan huɗu, ka rubuta nauyin a littafi, sannan ka cakuɗa su a busasshiyar tasa. Yashin ya zama wankakke, busasshe. Sai maganaɗisu da 'yar leda, tasar tangaran mai jure wuta, mazurarin gilashi, auduga, takardar tacewa, kofin gilashi biyu, sandar gilashi ta motsawa, murhun Bunsen ko fitilar sifirit, ƙarfen girki mai ƙafa uku da ragar wayarsa, da awartakin ɗaukar abu mai zafi. Tabarau na kare ido ba ado ba ne, sa shi. Ɗalibai mata su soke bakin hijabi cikin rigar gwaji, maza masu faɗin hannun riga su naɗe.

Mataki na ɗaya: maganaɗisu

Baza garin a kan farar takarda, ya yi falalen shimfiɗa. Saka maganaɗisu cikin leda ka ɗaure, sannan ka riƙa yawo da shi dab da saman garin. Ƙarfen zai yi tsalle ya manne. Kai shi kan wata takardar, zare maganaɗisun daga ledar, garin ƙarfen zai zube da kansa. Motsa sauran garin ka maimaita, sau uku ko huɗu, har sai ka ga ba abin da ke tashi.

Ledar nan kada ka raina ta. Wata shekara wani yaro ya tsoma maganaɗisu tsirara cikin garin, muka kwashe ragowar darasin muna tsintar ƙarfe da farce, kuma har yau maganaɗisun yana nan da gemunsa. An fara da wannan mataki ne don ƙarfe a bushe yake ɗaukuwa da sauƙi. In ya jiƙe sai ya dunƙule da yashi, ya kuma soma tsatsa.

Mataki na biyu: abin da ke tashi ba tare da ya narke ba

Wanda ya taɓa ajiye kafur a akwatin tufafi ya san wannan hali. Bayan watanni sai ka tarar ƙwallon ya ƙanƙance ko ya ɓace, amma ba danshi a kan kaya. Daga daskararre ya koma iska kai tsaye, bai bi ta ruwa ba. Daskararren aidin ma haka yake yi in an gasa shi, haka shi ma amoniyam kuloraid. Yashi da gishirin miya kuwa ba ruwansu da irin zafin da ke tayar da shi.

Juye garin cikin tasar tangaran, ɗora kan ragar waya. Toshe wutsiyar mazurari da auduga, ka kife shi a kan tasar kamar murfi. Kunna wuta 'yar kaɗan. Jim kaɗan za ka ga farin hayaƙi ya cika cikin mazurarin, sannan wani farin ɓawo ya soma kamawa a jikin gilashin, inda ya fi sanyi. In ka liƙa jiƙaƙƙiyar takarda a bayan mazurarin, kamun zai fi sauri. Ci gaba da gashi har hayaƙin ya daina tashi, kashe wuta, ka bar komai ya huce kafin ka ɗaga. Mai gaggawar ɗagawa rabin kayansa a iska zai tafi, ga tari. A buɗe tagogi, domin abin da ke faruwa a zahiri shi ne zafi yana fasa gishirin zuwa iska biyu, amoniya da haidurojin kuloraid, su kuma su sake haɗewa a wuri mai sanyi. Ba iskar shaƙa ba ce ko ɗaya. Kankare farin ɓawon a kan takarda ka ajiye.

Yanzu mu koma ga mai cewa a zuba ruwa. Amoniyam kuloraid yana narkewa a ruwa, gishirin miya ma yana narkewa. Da an zuba ruwa tun farko, da su biyun sun bi ruwa sun wuce takardar tacewa tare, an mayar da aikin minti goma ya zama na yini. Masu shirya tambayoyin WAEC da NECO sun san wannan ramin sarai, shi ya sa suke son wannan gauraye. Ɗalibi zai lissafo hanyoyin duka daidai, amma ya sa na uku a gaban na biyu.

Mataki na uku: narkarwa da tacewa

Saura yashi da gishiri. Bayan tasar ta huce, juye su cikin kofin gilashi, zuba ruwa mililita 50, ka motsa da sandar gilashi na minti biyu ko uku. Ruwa giram 100 yana iya narkar da gishiri kusan giram 36 a yanayin ɗaki, don haka mililita 50 ya ishi giram 5 har da rara. Kada ka cika ruwa, domin duk abin da ka zuba kai ne za ka tsaya ƙafar da shi.

Ninka takardar tacewa gida biyu, sake ninkawa ta zama gida huɗu. Buɗe ta yadda ninki uku zai kasance a gefe guda, ɗaya a ɗaya gefen, ta fito kamar ƙunshin gyaɗa. Zaunar da ita cikin mazurari, ka ɗiga mata ruwa kaɗan don ta manne da gilashin. Wutsiyar mazurarin ta taɓa jikin kofin da ke ƙasa, ruwa ya riƙa gangarawa ba fantsama.

Bar yashin ya ɗan kwanta. Jingina sandar gilashi a bakin kofin, ka tsiyaya ruwan ya bi jikinta zuwa ɓangaren takardar mai ninki uku. Kada ruwa ya kai bakin takardar, ka bar kamar faɗin yatsa. In ya haura, zai zagaya ta bayan takarda ya sauka da dattinsa. Sai da ruwan ya kusa ƙarewa za ka kwaso yashin ka juye.

A nan haƙuri ke ƙarewa. Ruwa na sauka ɗigo-ɗigo, sai ka ji, "Malam, ya ƙi sauka." Kafin ka juyo an sa sanda ana dama cikin mazurari kamar ana dama fura. Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da ƙarfi, nan take za ta huje, yashi ya bi. In hakan ta faru ba wata dabara, sabuwar takarda za ka ninka ka sake daga farko. Idan ruwan ya gama sauka, zuba wani tsabtataccen ruwa kamar mililita 10 a kan yashin ya wanke gishirin da ya maƙale, shi ma ya sauka cikin kofin. Zare takardar da yashinta, buɗe, shanya a rana. A lokacin hunturu kafin a tashi makaranta ya bushe.

Mataki na huɗu: ƙafar da ruwa

Ruwan da ya sauka garau yake, kai ka ce ba komai ciki. Gishirin na nan, ya narke ne har takarda ba ta iya tare shi. Juye cikin wankakkiyar tasar tangaran, kada ya wuce rabi, ɗora a wuta. Zai tafasa, tururi na tashi, farin zobe na fitowa a gefen tasar. Da ruwan ya yi kauri za ka ji ƙas-ƙas, gishiri ya soma tsalle yana faɗowa waje. Rage wuta nan da nan, ko ka kashe ta gaba ɗaya, zafin tasar zai ƙarasa aikin. Wanda ke son ya yi da kyau sai ya ɗora tasar a bakin kofin ruwa mai tafasa, tururi ya busar da sauran a hankali.

Tangaran mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido, da awartaki za ka sauke. Kuma ba a ɗanɗanawa. Na san gishirin miya ne, amma tasar da sandar sun ga abubuwan da ba ka sani ba.

Wannan mataki da na gabansa su ne sana'ar masu gishiri tun kaka da kakanni. A Keana ta jihar Nasarawa mata kan tace ƙasa mai gishiri da ruwa ta cikin tukwane masu huda, sannan su dafa ruwan har ya ƙafe. A Bilma ta Nijar rana ce ke yin aikin wuta: ruwan gishiri na kwance a ramuka, yana ƙafewa, ana kwasa ana zuba kantu.

Ƙarshe sai awo. Auna kowane ɗaya ka kwatanta da giram 5 na farko. In ka samu gishiri giram 4.2, raba da 5 ka ninka da 100, ka dawo da kashi 84 cikin 100. Rubuta inda kake zaton sauran ya tafi: tsallen da ya yi a wuta, ko wanda ya maƙale a takarda. In kuwa yashinka ya haura giram 5, bai gama bushewa ba. Ɗalibin da ya kawo mini 5.0 cif a duka huɗun, nakan tambaye shi littafin wa ya kwafa.

In kana son ƙwayoyi masu kyau

Ba kowane gishiri ne ake ƙafarwa ƙarƙaf ba. Kofa salfet, wani shuɗin gishiri na ɗakin gwaji, yana riƙe da ruwa a cikin ƙwayarsa. In ka gasa shi har ƙarshe ruwan zai fita, ya koma farin gari. Sukari kuwa ƙonewa zai yi. Ga irin waɗannan, dafa ruwan har ya ragu zuwa kusan rabi ko sulusi. Tsoma sandar gilashi mai sanyi ka ɗaga: in ƙananan ƙwayoyi suka fito a jikinta yayin da take hucewa, ya isa. Sauke, rufe da takarda don ƙura, ajiye inda ba mai taɓawa. Kada ka sa a ruwan sanyi don sauri, saurin hucewa ƙananan ƙwayoyi yake bayarwa kamar gari. Bar shi ya kwana. Da safe ka tsiyaye ruwan, ka tsane ƙwayoyin tsakanin takardun tacewa biyu. Kofa salfet guba ne, a wanke hannu bayan an gama.

In ruwan kake so, ba gishirin ba

A mataki na huɗu mun bar ruwa ya tafi iska. In shi ake nema, sai a tare tururin a sanyaya shi, kamar yadda yake taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya. Na fi son yin wannan gwaji da ruwan zoɓo maras sukari, don jan ruwa ne ke shiga, fari tas ke fita, kuma yara ba sa mantawa.

Zuba shi cikin tulun gilashi mai hannu a wuya, kada ya wuce rabi. Jefa 'yan gutsattsarin fasasshen tangaran biyu ko uku, su ke hana tafasar yin bori. Toshe bakin da murfi mai ɗauke da ma'aunin zafi, kan ma'aunin ya tsaya daidai bakin hannun da tururi ke fita, ba cikin ruwan ba. Zafin tururi ake aunawa. Haɗa hannun da kwandensa, wato bututun nan mai riga wanda ruwan sanyi ke zagayawa, a karkace zuwa ƙasa. Ruwan sanyi ta ƙasa yake shiga ya fita ta sama. In ka juya, rigar ba za ta cika ba, ruwan zai zurare ta ƙasa ya bar saman bututun da zafi. Ƙarshen da ruwa ke ɗiga a bar shi a buɗe. Kayan da aka toshe ta ko'ina aka sa wa wuta fashewa suke yi. Kuma a kashe wuta tun da sauran ruwa a tulun.

Makarantu da yawa ba famfo a ɗakin gwaji. Ɗora bokitin ruwa a kan kujera bisa tebur, ka ja ruwan da tiyo, wani bokitin a ƙasa yana tara. In babu kwandensar ma, lanƙwasasshen bututu zuwa cikin 'yar kwalbar gwaji da aka tsoma a kofin ruwan randa zai nuna abin da ake so a gani.

Littafi ya ce ruwa na tafasa a digiri 100. Wannan a bakin teku ne. A Jos, da ke sama da mita 1,200, ma'auni zai tsaya wajen 96. Ba lalacewa ya yi ba, iskar da ke danne ruwan ce ta ragu. Abin lura shi ne tsayawar ma'aunin wuri guda muddin ruwa na ɗiga, wannan ce shaidar abu ɗaya ne ke fitowa.

Idan ruwa biyu ne da suka saje, kamar itanol (wani irin sifirit mai tafasa a digiri 78) da ruwa, sai a ƙara dogon bututu cike da duwatsun gilashi tsakanin tulu da kwandensa. Tururi na hawa yana hucewa yana komowa, mai saurin tafasa ne kaɗai ke kaiwa sama da farko. Tara abin da ya fito yayin da ma'auni ke wajen 78, da ya soma hawa sai ka canza kofi. Itanol na kama wuta, don haka a cikin tukunyar ruwan zafi ake zaunar da tulun. Ko an yi da kyau, ba ya wuce kusan kashi 96 cikin 100 na tsabta ta wannan hanya. Dogayen hasumiyoyin matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da ta Zinder ta 2011, an gina su ne a kan wannan dabara: gas da fetur a sama, kananzir da dizal a tsakiya, mai nauyi a gindi.

Ruwan da ba sa sajewa kuwa, kamar kananzir da ruwa, ba sa buƙatar wuta. Zuba cikin mazurari mai famfo, bar su su kwanta, kananzir zai hau sama. Cire murfin sama, in ba haka ba ruwa ba zai sauka ba. Buɗe famfo, ruwa ya fita, rufe dab da iyaka. Ɗan tsakiyar nan tara shi a wani kofi daban, sannan ka juye kananzir ta bakin sama.

Tawada

Gwajin raba launukan tawada shi ne mafi arha, kuma shi ne nake ajiyewa ranar da gas ya ƙare. Sunansa kuromatogurafi. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya raɗa masa suna a 1906, bayan ya raba launukan ganye ta hanyar zuba su cikin bututu mai cike da garin alli.

Yanki takardar tacewa mai tsawon santimita 10 da faɗin 3. Ja layi da fensir santimita 2 daga ƙasa. Da fensir na ce, domin layin tawada shi ma yana iya bin ruwa ya dagula komai. Ɗiga baƙar tawadar alƙalamin maka (marker) mai wankuwa da ruwa a tsakiyar layin, ɗigo ƙarami kamar kan allura. Bar shi ya bushe, sake ɗigawa a wurin. Zuba ruwa a kofi, zurfinsa kada ya wuce santimita 1. Naɗe saman takardar a jikin fensir, gitta shi a bakin kofin, gindin takardar ya taɓa ruwa amma ɗigon ya kasance sama da ruwan. In ɗigon ya nutse, tawadar cikin kofi za ta wanke. Rufe kofin, kada a girgiza tebur.

Ruwa zai riƙa hawa takardar kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Da ya iso ɗigon sai ya ja shi, baƙin ya soma warwarewa. Sau da yawa shuɗi, ja da rawaya kan fito, gwargwadon kamfanin da ya yi alƙalamin. Launin da ya fi son ruwa shi ke yin nisa, wanda ya fi riƙe takarda ya tsaya baya. Kafin ruwan ya kai ƙarshen takarda da kamar santimita 1, zare ta, ka yi maza ka ja layi da fensir inda ruwan ya tsaya, don da ya bushe alamar ta ɓace.

Auna daga layin farko zuwa tsakiyar kowane launi, ka raba da nisan da ruwan ya yi. In shuɗi ya yi santimita 4.2, ruwa ya yi 7, sakamakon 0.6 ne. Wannan lamba ita ce Rf, ba ta wuce 1, kuma in ta wuce to ka juya lissafin. Launi biyu da suka ba da lamba ɗaya a takarda ɗaya da ruwa ɗaya, akwai alamar abu guda ne. Tawadar biro ba ta motsi a ruwa, sai an sa itanol. Haka ganye: daka alayyafo ko zogale da itanol kaɗan, ɗiga koren ruwan sau biyar ko shida a wuri guda kana bari yana bushewa, sannan ka tsoma takardar a itanol. Za ka ga rawaya ta rabu da kore, rawayar da ke cikin ganyen tun farko koren ya rufe ta.

Takardun in sun bushe a manna su a littafin gwaji da gam, a rubuta kwanan wata da irin ruwan da aka yi amfani da shi a gefe. Launin ganye yakan dushe cikin 'yan kwanaki, don haka a zagaye kowane tabo da fensir tun ranar.